Katifata a Cikin Kwata

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya maigida da yara? Mu nan unguwar New Bell lafiya, sai dai kunya.

Ranar Talata da safe na tarar ruwa ya cika ɗakin maƙwabciyarmu Mama Odile har gwiwa, tukwanenta na ta yawo. Na ce, "Haƙuri Mama, ruwan Ɗufana ne, iko sai Allah." Sai ta nuna mini tsohuwar katifata da na jefa a kwata, wadda ta toshe hanyar ruwa. Ta ce, "Ɗana, na Nuhu daga sama ya zo. Wannan daga ɗakinka."

Ki sa ni a addu'a, ki gaida Inna, kada ki faɗa mata. Kodayake za ta ji, don liman da Kawu Sule suna tsaye a wurin.

Ƙaninki,
Bashir