Inna Ta Tafi Kallon Dawaki

Ainu Shams, Alƙahira
Afrilu, 2014

Zuwa ga mahaifiyata Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan kin sauka Amurka lafiya, gajiyar jirgi ta bi lafiya. Yaya ƙafar taki? Yaya autarki Ummukulthum da maigidanta Dakta Ishaq? Mu nan alhamdu lillahi. Maigidana Harun yana gaishe ki, yana ta fama da shirin jarrabawa.

Inna, na koma rubuta wasiƙa ne don waya ba ta yi mini rana. In na kira, daga lafiya lau sai a gai da maigidan, sai ki miƙa wa na kusa da ke. Na sani, ni ce ta fari, kunyata kike ji, ko sunana ba ki taɓa kamawa ba. To takarda dai ba ta da ido. Harun zai ɗauki hotonta ya tura, ke kuma Ummu ki karanta mata tas, kar ki tsallake ko layi ɗaya, na san halinki.

Na ga hotunan garin nasu, Lexington. Ikon Allah! Ciyawa kore shar har ƙarshen gani, an zagaye ta da shingen katako, wai duk na dawaki ne. Na ga an kai ki gidan da tsofaffin dawakin tsere suke hutawa. Wai doki ma yana ritaya a Kentaki! Ga ki nan cikin rigar sanyin Ummu kina miƙa wa wani ƙato karas, kina dariya har haƙorin Makka ya fito. Na ga na kasuwar da ake gwanjon 'ya'yan dawaki, na ga na jirgin ruwan nan mai ƙafa a baya. Amma wanda ya tsaya mini a rai shi ne wanda kika dafa kafaɗar Ummu. Na yi ta ƙara girmansa a waya har ya dushe. Ba zan ɓoye ba, Inna, haushi na ji. Ni tun da nake ban san nauyin hannunki a kafaɗata ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kin san halin da nake ciki, likita ta ce farkon Mayu ne in sha Allahu. Haihuwar fari a ƙasar mutane, a hawa na biyar na bene, ba dangin uwa ba na uba. Da Gwaggo Dije da ta raine ni tana raye, da ban dame ki ba, ita za ta yi mini wankan jego. Allah ya yi mata rahama. Jirgin da zai mai da ke gida ta nan Alƙahira yake ya da zango. Matso da ranar kawai za a yi, ki sauka. Harun ya ce maganar biza a bar masa.

Ban taɓa roƙon ki komai ba. Wannan na roƙa.

'Yarki,
Nana Fatima

Ainu Shams, Alƙahira
Ƙarshen Afrilu, 2014

Inna,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, sanyin garin bai tayar miki da ƙafar ba. A gai da masu masaukinki.

Saƙonki ya iso ta bakin Ummu, wai kin ji. Shi ke nan? Na cika takarda ciki da bai, amsata kin ji? Amma hotuna ba su fasa zuwa ba.

Labarin gidan giya ma ya iso. Ummu, kin kyauta! Wai abokan aikin Ishaq sun ce baƙon da bai leƙa inda ake dafa giyar masarar nan tasu ba, bai zo Kentaki ba, sai kuka kwashi tsohuwa kuka tafi ba bayani. An ce Inna kin shaƙi iskar wurin kin yaba, kin ce masu kokon garin nan sun iya jiƙa ƙullu, har kina tambaya ko za a sam miki gasara. Sai da kika ga gangunan katako jere har rufi aka faɗa miki, kika ɗau salati, kika koma mota kina istigfari har gida. Wallahi na yi dariya har cikina ya ƙulle. Na ce wa Harun ya buɗe littattafansa na fiƙihu ya nemo mini hukuncin 'yar da ta kai uwarta irin wurin nan. Ya ce shaƙar wari ba laifi ba ne, kuma in ji tsoron Allah in ƙyale ƙanwata ta sarara. Ji mutum! Ni da na kira shi ya tsaya mini.

Kuma in dai dawaki ne, mu ma muna da su. Ran Juma'a na tasa Harun gaba da wannan tulun cikin, muka shiga jirgin ƙasa, muka hau ƙaramar bas har dalar Giza, don in ɗauki hoto da doki in turo miki. Dokin da muka samu haƙarƙarinsa a waje, mai shi ya ce tun da aka fara rikicin ƙasar nan baƙi suka ɗauke ƙafa. Na tsaya kusa da shi, ƙafafuna a kumbure, ido ya faɗa. Da na duba hoton ban san wa ya fi ban tausayi ba tsakanina da shi. Ban turo ba. A hanyar dawowa na yi kuka, wata tsohuwar Bamasariya tana ta shafa bayana tana ma'alish, ma'alish, wato in yi haƙuri. Matar da ba ta san ni ba, Inna.

Yanzu kuma Ummu ta ce sun saya miki tikitin babban tseren dawaki na garin Louisville, inda mata suke sa huluna kamar faifai, har an saya miki taki. Na tambayi yaushe ne, ta ce farkon Mayu. Farkon Mayu! Ummu, ke fa kika karanta wasiƙata da bakinki. Ke ce auta, an goya ki, an kai ki makaranta da hannu, an raka ki ɗakin miji, yanzu an bi ki har bayan teku. Wannan ɗaya tak ma sai kin haɗa da shi?

Maƙwabciyata Bakhita, Bahaushiyar Sudan ce, ta ce kar in damu, za ta kula da ni irin tasu, da hayaƙi da dilka. Na gode mata, mutuniyar kirki ce. Amma da matan 'yan makarantar su Harun suka tambaye ni ko mahaifiyata za ta zo, na ce ƙafa ke damun ki. Ba zan iya cewa kina kallon dawaki ba.

Biza ta fito, tana jiran ki. In ba za ki zo ba, ki faɗa mini da bakinki, ko ta waya ce. Ki yafe mini in na yi tsauri, zuciya ce.

'Yarki,
Nana Fatima

Ainu Shams, Alƙahira
Mayu, 2014

Zuwa ga ƙanwata Ummukulthum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya ke da Dakta, ina amsa barkarki, na gode da kayan jariri. Ni da ɗanki Imran muna lafiya lau.

An ce kina fushi, tikiti ya tashi a banza, hular Inna tana kan durowa. Ma'alish, in ji mutanen nan. Ɗanɗana ki ji yadda ake ji.

Kin nemi labari, to ga shi. Washegarin da aka sallamo ni daga asibiti Harun ya ɗauko Inna daga filin jirgi. Ta hau benen nan namu da ƙafar nan tata, tana hutawa a kowane hawa, ta ƙi a riƙe ta. Ta gai da mai gadin gida, ta gai da Bakhita, ta yi wa Harun barka har da addu'a. Ni kuwa bango ta kalla ta ce sannunku. Sannan ta sunkuci yaron. Ummu, ba ki ga rawar jiki ba! Angona, mai gidana, ta shinshina wuyansa, ta ƙirga yatsunsa, ta yi masa waƙa. Ina kwance ina kallo. Wallahi na gama jin haushinki sai na koma jin haushin ɗan da na haifa. Na ce a raina, wato kowa yana da rabo a wurin matar nan ban da ni.

Da asuba ta sa Harun ya sayo tukunyar gas ta biyu, ya je ya karyo ganyen turare tun da babu darbejiya a kusa. Ta buɗe jakarta, sai ga jar kanwa da kimba da garin kunu a ƙulle cikin tsohon ɗankwali, ƙullin Gusau. Ke kin san tana ɗauke da su duk yawon nan da kuka yi? Wankan kuwa ba sauƙi, ruwa kamar zai saɓule fata, ina ihu tana cewa a daure. Ba ta cewa ki daure, sai a daure, kamar mu goma ne a banɗakin. Amma da gwiwar hannunta take gwada ruwan kafin ya taɓa ni, kullum, har wurin ya yi ja.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na shekaranjiya. Matan 'yan makaranta sun zo da hantsi daga unguwar Madinat Nasr, falo ya cika. Yaron ya yi kuka, na ɗauke shi a gabansu, na sumbace shi, na kira sunansa da ƙarfi, Imran, har sau biyu. Da gangan na yi, ina kallon Inna. Ɗan fari, a gaban mutane, a gaban uwata. Wasu suka sunkuyar da kai. Na jira faɗa, ita kuwa ta ci gaba da hira da baƙi.

Da suka watse ta shiga kicin dama kunu, ni ina bakin ƙofa. Ba ta juyo ba, tukunya take wa magana. Ta ce ita ma da ta haifi tata ta fari ta taɓa yin haka sau ɗaya, a ɗaki, tana zaton ba kowa, ashe surukarta tana tsaye. Aka yi ta yi da ita a gidan, wai marar kunya ce. Ana yaye yarinyar aka ɗauke ta aka kai wa Dije. Ta ce daga nan sai ta riƙa zuwa gidan Dije aron rariya, alhali tana da tata sabuwa a rataye. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta zuba kunu a kwano ta ce a sha da zafi.

Ummu, na tuna ta. Ina ƙarama akwai wata mata da take zuwa aron rariya da rana, ta tsaya a bakin ƙofa, a yi a yi ta zauna ta ƙi. Gwaggo takan ce in je in miƙa mata. Ni a lokacin haushinta nake ji, tana katse mini wasa. Ban san ni take zuwa gani ba.

Ki gai da Dakta. Inna tana gaishe ki, ta ce sai an yi arba'in za ta wuce gida.

Yayarki,
Nana Fatima