Sunan Da Ya Riga Liman Fita

Nima, 3 ga Maris

Rabi'atu tawa,

Assalamu alaikum. Ya nauyin jiki? Ina fata ƙafafun sun daina kumburi. Ki gaishe min da Baba Alhaji da Mma da duk mutanen Aboabo.

Kin ce muryata ta canja a waya. Abibata ce, ta wurin aikinmu. Kada gabanki ya faɗi, ba irin wannan ba ce.

Kin san Ɗan Aike, manhajar AI da muke ginawa don masu biki da suna da adu'ar mamaci. Kayan aiki muke jera masa, wannan na hayar rumfa da kujeru, wancan na tura gayyata. Shi kuwa bai san komai a kansu ba sai bayanin da muka rubuta, da shi yake zaɓar wanda zai ɗauka. Oga ta ce ni da Abibata kowa ya rubuta nasa, wanda Ɗan Aike ya fi ganewa shi zai shugabanci sashen. Ni aka ba shirya gwajin.

Na rubuta nawa gajere tsaf, yadda aka koya mana a jami'a. Nata kuwa kamar kaka tana aiken jika kasuwa: kada ka yi kaza, in ba ka sani ba dawo ka tambaya. Na yi dariya har da riƙe ciki. Sai ga sakamako. Cikin buƙatu tamanin, da nata ya yi daidai sau saba'in da huɗu, da nawa hamsin da takwas. Yarinyar da ta shigo ofishinmu da aikin amsa waya! Wallahi Rabi, ko waakye, shinkafa da waken nan na unguwar Maamobi, na kasa ci ranar. Kishi nake, ke kaɗai zan faɗa wa.

Mijinki,
Razak

Nima, 12 ga Maris

Maijego,

Barka da arziki! Alhamdu lillahi. Ya jikin, ya ruwan zafi? Na kalli hoton har batir ya mutu. Hancin nawa ne, kada Mma ta yi gardama.

Sunan Baba Alhaji zan sa masa. Ki riƙe a cikinki, so nake Baba ya fara ji daga bakin liman.

Maganar aiki kuma, na duba na ga yawancin inda Abibata ta wuce ni a buƙatun suna ne. Sai na cire su daga gwajin, na ce sun yi kama da juna. Yanzu tazarar ba ta taka kara ta karya ba, kuma ni ne mai digiri. Kada ki ɓata rai. Jiya a trotro, motar haya, na ji Abass na ofishinmu yana cewa rubutunta kamar ta shiga kan na'urar. Ni shekara uku ina wurin, bai taɓa faɗin haka a kaina ba.

Na ɗora bayanina a wayata, da shi Ɗan Aike zai shirya mana sunan, kowa ya gani da idonsa. Ranar Lahadi zan shigo Kumasi in Allah ya yarda.

Naki,
Razak

Nima, 14 ga Maris

Rabi'atu,

Sallama da fatan kina lafiya, ke da yaron. Na kira sau tara ba ki ɗauka ba, ban kuma ga laifinki ba.

Ga yadda aka yi. Na ba Ɗan Aike rana da wuri da sunan yaron, na ce ya shirya komai. Bayanina a kan tura gayyata layi ɗaya ne: yana aika cikakken bayanin taro ga duk mutanen jerin. Abin da ya yi ke nan. Mutum ɗari uku suka samu sunan, saura kwana uku a raɗa shi, kafin a kai wa kowa goro. Na ji cewa a kasuwa wani mai albasa ya karanta wa Baba Alhaji.

Na koma na buɗe na Abibata. Ta rubuta cewa in taron suna ne, kada a sa sunan jariri ko da an bayar, sai liman ya raɗa, kuma kada a tura sai an tambaya ko manya sun sami goro. Layin da na fi yi wa dariya ke nan.

Da safe na mayar da buƙatun da na cire, na faɗa wa Oga abin da na yi. An ba Abibata kujerar shugabancin sashen. Ita ma gayyatar ta shiga wayarta, amma ba ta ce min komai ba sai Allah ya raya. Da ta yi min dariya ma da ya fi min sauƙi. Har yanzu in na ji Abass ya ce mata shugaba, sai in kau da kai.

Mma ta kira ni ɗazu. Baba Alhaji ya ce sunan da ya gama zaga kasuwa ba kyauta ba ne, a nemi wani. Ba zan yi musu ba, ki zaɓa ke. Idan kin ɗauki yaron ki ba shi haƙuri a kunne. Ubansa ya ɓatar masa da sunan kakansa a kan kujerar da bai ma samu ba.

Mijinki mai neman afuwa,
Razak