Inna, Sun Ce In Ajiye Basilla

Assalamu alaikum Inna, tare da gaisuwar ban girma daga ɗiyarki Rabi. Shekara goma sha tara ke nan da aka kai ki makwancinki a Birchi, ga shi ni ma furfura ta gama rufe ni.

Ƙarar jikanki na kawo miki, autana Sani, wanda kike ajiyewa a cinya kina ɗinkin faifai. Yanzu Alhaji ne, yana harkar hatsi a Dutsin-Ma, ya yi tumbi, ya yi baki. Bara ya shigo ɗakina ya tarar da ni cikin kaba da kwanonin rini, ya yatsine fuska. Wai, "Hajiya, mutane za su ce na kasa riƙe ki." Washegari ya sa aka kwashe kayana aka kai juji, ya kafa mini talabijin da wata kujera mai laushi wadda in ka zauna sai an ja ka ka tashi.

Wata huɗu na yi a cikinta, Inna. Na fara tambayar mutane yau wace rana. Yatsuna suka sandare har jan carbi ya zama aiki. Matan abokansa su zo su jeru, suna ta cewa na ji daɗi, na huta. Mata ne majiya ƙarfi, amma ba su san komai ba sai shafa waya da zancen leshin da wance ta saka a biki. Ko zare ba su iya sa wa allura ba. Wai su ne za su faɗa mini yadda ake tsufa.

Wata Laraba na yafa gyale na shiga motar Kurfi ban yi wa kowa sallama ba. Na dawo da kaba dami biyu, na baje a tsakar gida, daidai inda baƙinsa suke hangowa daga zaure. Da ya buɗe baki na ce, "Alhaji, da faifan Inna aka bakace hatsin da ka ci ka yi wayo. In kunya kake ji, ga ƙofar baya." Kin san me ya yi? Har yau ta ƙofar bayan yake shiga.

Yanzu mu shida ne muke ɗinkin faifai kullum bayan azahar, tsofaffi da zawarawa, ɗaya tun daga Kutawa take zuwa. Na ƙirƙiro wani zane da ba ki taɓa gani ba, kamar kunyoyin gyaɗa bayan an yi ruwa. Sau uku ina warwarewa kafin ya zauna. Da kina nan da kin juya bayansa kin duba ɗinkin, kin nuna mini inda na yi gaggawa.

Idona ya fara dushewa. Jiya na ɗago wani silin kaba na tambaya ko ja ne ko kore, sai na tuna haka kike tambayarmu a shekararki ta ƙarshe, mu kuma muna dariya, muna cewa ki bari haka nan. Kika ce, "Ranar da kuka ga na ajiye basilla, ku taɓa ni ku ji ko da rai." Ni ma da ni aka yi dariyar, Inna. Ki yafe mini.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya shiryar da Sani. Ni kuma in tawa ta zo, Ya sa ta same ni da kalmar shahada a baki, da faifan da ban gama ba a cinya.

Taki har kullum,
Rabi.