Maigidana Ya Samu Aiki a Korogo, Zai Sayar da Albasar Iri

Inna Saude, don Allah ki ba ni shawara kafin kasuwa mai zuwa ta ci. Gidanmu murna ake, ni ma da ni ake yi, sai dai akwai abin da ke damuna.

Ni matar aure ce a Sabon Gida, wajen Madawa, ɗiyanmu huɗu. Maigidana manomin albasa ne a fadama. Watan jiya wani mai babbar gona a Korogo, can arewacin Kwaddibuwa, ya aiko masa da kwantiragi na shekara biyu, ya je ya koya wa ma'aikatansa noman albasa irin namu, jika ɗari biyu da hamsin, wato sefa dubu ɗari biyu da hamsin, duk wata. Inna, ranar da takardar ta iso na yi guɗa har muryata ta dishe! Mutumin da ya shekara ashirin cikin taɓo, yau shi ake nema daga wata ƙasa a kan gwani. Wallahi na ji daɗi, ya cancanta.

To, shi dai ya riga ya gama lissafinsa. Ya ninka albashin sau ashirin da huɗu, ya gina ɗakuna uku na siminti da baki, ya sayi babur, har ya biya wa innarsa Makka. Da na tambaye shi me zai ci a can, dariya ya yi, wai ko na taɓa ganin ya cinye jika ɗaya a wuni. Gaskiya ne bai taɓa ba, amma a nan hatsi na rumbu ne, ruwa na rijiya, ɗaki na gado. Yayana Mahdi ya shekara biyar a Abijan. Ya ce a can ɗaki haya, ruwa saye, wuta saye, ko ciwon kai ka yi sai ka taɓa aljihu. Shi da akwati ɗaya da rediyo ya dawo. Na sa ɗiyata ta karanta mini takardar sau biyu, ba inda aka ambaci masauki ko abinci.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni sukuni shi ne albasar iri. Muna da iri na gida wanda surukina, Allah ya jiƙansa, ya gada wurin mahaifinsa. Duk shekara ana ware manyan albasa, a aje su cikin rudu, wato rumbun albasa, su wuce damina, sannan a dasa su, su yi fure, a sami ƙwayar iri. Albasarmu tana yin wata biyar a aje ba ta ruɓe ba, ita ce ma mai gonar ya gani a kasuwa har ya nemi wanda ya noma ta. Yanzu maigida ya ce zai sayar da wadda ke cikin rudu da injin ban ruwa, ya yi guzuri ya bar mana cefane, in ya dawo ya sayi iri na gwangwani. Ɗan kasuwa zai zo ya ɗauka ranar kasuwa. Ƙwayar irin albasa kuwa ba ta jimirin shekara biyu, in aka tsallake noma, shi ke nan ta tafi.

Ga sirrin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ba maigidana ke zaɓen albasar iri ba, ni ce. Shi gwani ne wajen dashe da ban ruwa, ba na biyunsa, amma wajen zaɓe kam albasa ba ta yi halin ruwa ba, duk wadda ta fi girma ita yake ɗauka. Da idon Baba, wato surukina, ya yi rauni, ni nake kai masa fura a garka, lambunmu na fadama, sai ya riƙa ɗora mini albasa a hannu, yana nuna mini siririn wuya da taurin jiki da busasshen ɓawo. Shekara shida ke nan, in maigida ya ware tasa ya tafi masallaci, sai in bi baya in sake zaɓe. Shi kuwa yana ta shan yabo, ni ina murmushi.

Na san zan iya riƙe irin nan har ya dawo. Amma in na ce a bar mini, sai na faɗi dalili, kuma ina jin nauyin in rage wa mutum tsawo a lokacin da duk gari ke ce masa gwani. In na yi shiru kuma, irin Baba zai ƙare a tukunyar wasu. Ya zan yi?

Taki, mai warin albasa a hannu, daga Sabon Gida.

Ɗiyata, barka da arziki. Allah ya sa alheri, ki ƙara guɗa, abin guɗa ne.

Mu fara da kuɗi. Albashi ba shi ne ajiya ba, ajiya ita ce abin da ya rage bayan ɗaki da ciki da magani da kuɗin mota da abin da za a aiko muku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin ya sa hannu, ya kira mai gonar ya ji wa zai biya masauki, wa zai biya likita, wa zai biya motar zuwa da dawowa, kuma a rubuta amsar cikin takarda. Ya nemi wani ɗan yankinku na Adar da ke zaune Korogo ya gaya masa kuɗin ɗaki da na shinkafa. Korogo ba Abijan ba ce, mai yiwuwa ta fi sauƙi, kada labarin Mahdi ya kashe muku jiki. In mai gonar ya ba da ɗaki, zai iya tara abin kirki. In bai bayar ba, ɗakunan siminti uku za su iya komawa ɗaya, kuma ɗaya ma arziki ne. Guzuri kuwa, wanda ya nemo gwani daga wata ƙasa ba zai kasa ba shi wani abu daga albashin watan farko ba. Ya tambaya, ba roƙo ba ne.

Kada ki ga laifinsa da yawa. Bai san darajar abin da zai sayar ba ne saboda kin ɓoye masa wahalar da ke ciki. Shekara shida kina kare masa girma, kin kyauta, amma yanzu shirun nan tsada zai yi muku. Kuma ki duba wani abu: zai je Korogo a ce ya zaɓi albasar iri, ke ba kya nan balle ki bi baya. Gara ya ji daga bakinki a tsakar gida da ya ji kunya gaban baƙi.

Ki same shi shi kaɗai, bayan ya ci ya ƙoshi. Kada ki ce masa bai iya ba. Ki ce Baba ya bar miki amana, lokacin isar da ita ya yi. Ki kai shi bakin rudu, ki ɗora masa albasa a hannu yadda aka ɗora miki. Zai ɓata rai kwana ɗaya, wataƙila biyu. Mutumin da ya iya ban ruwa yana da haƙuri, zai sauko.

Sannan ki nemi a bar miki inji da ɗan yanki na garka, gwargwadon abin da za ki iya da ɗan ƙodago ɗaya. Ki tuna masa cewa mai gonar nan duk shekara sai ya nemi iri, kuma irinku ya gani ya yaba. Babur in an rasa bana, ana saye baɗi. Irin da kakan ɗiyanku ya bari, in ya hau motar ɗan kasuwa, albashin shekara goma ba zai sauko da shi ba.

Allah ya kai shi lafiya, ya dawo muku da shi da hannu cike, ya tarar da furen albasarki fari fat a fadama.