Giyabos ɗin Fijon Alhaji

Gwarzo,
Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Zuwa ga Baba Sajo Makanike, Masanawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Inna Yelwa da sauran mutanen gida. Yaya damina, yaya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi, amin.

Baba, na san waya ba ta yi maka amfani tun da kunne ya yi nauyi, shi ya sa na rubuto na ba Zayyad direba ya kawo maka. Ko da ma kana ji, wannan ba maganar waya ba ce.

Wata takwas ke nan da muka kawo maka Fijo 404 ta marigayi mahaifinmu, Alhaji Zainulabideen, don ka tashe ta bayan shekarun da ta yi a kan duwatsu. Jiya ƙanena Nata'ala ya faɗo mini gida ko sallamar kirki babu. Ya ce ya je gwada motar, ya saka giya ta ɗaya, sai ta yi baya da shi ta daki dalbejiyar garejinka. Ka san ya yi shekara goma sha ɗaya yana jan 404 akori-kura zuwa kasuwannin ƙauye, ya ce hannunsa ya san wurin giya ta ɗaya ko ido a rufe. Ya shiga ƙarƙashi ya goge giyabos ɗin, ya ɗauki hoton lambar da ke jiki, ya kai wa wani mai sayar da kayan Fijo a Kano. Mutumin ya buɗe littafin lambobi, lamba ta ƙi dacewa.

Ina jin nauyin rubuta abin da yake faɗa. Wai ka cire na ainihi ka sayar wa masu tara tsofaffin motoci, ka ɗaura wani tarkace.

Ni ban ce ka yi ba. Amma tun jiya wasu abubuwa suke yi mini yawo a kai. Ka ce aikin wata uku ne, ya kai takwas. Da na zo da azumi na tarar da ita lulluɓe da tamfol, ka hana a buɗe. Kuma an ce sau biyu ana ganin wani mai mota da lambar Abuja a wurinka. Don Allah ka warware mini, zuciyata ba ta kwanta ba.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Uwaliya.

Masanawa,
Asabar, 13 ga Yuli

Zuwa ga 'yata Malama Uwaliya.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina amsa gaisuwa. Yaya maigidan da yara? Ƙafa da sauƙi, gero ya yi kyau, mun gode Allah.

Takardarki ta zo a makare. Kafin ta iso, Nata'ala ya kawo motar ja ya ɗauke Fijo. Jiya bayan sallar Juma'a ya tsaya a ƙofar masallaci ya kira ni ɓarawo, har dagaci ya aiko a ji ba'asi. Yau da safe mutum uku sun zo sun kwashe injinansu na ban-ruwa, ɗaya ko haɗa shi ban gama ba, a buhu ya tafi da shi. Shekara hamsin ina riƙe da sifana a garin nan, ko noti ba a taɓa nema a aljihuna ba.

To, ki saurara, ke da kika koyar da lissafi. Fijo 404 ba iri ɗaya ba ce don suna ɗaya ne. Ta mahaifinku ta farkon ƙira ce, ta jirgin ruwa ta zo, a hannun wani Baturen gona ya saye ta. Irin giyabos ɗinta ana ce masa C3. Akori-kurar da Nata'ala ya ja ta baya-bayan nan ce, nata BA7 ne. A ta Alhaji, inda ƙaninki ya cusa giya yana neman ta ɗaya, nan ribas yake. Da ya tambaye ni da na faɗa masa, amma ya fizge makulli yana cewa ba yau ya fara tuƙi ba. Mutanen da ke zaune a gindin bishiya suka yi dariya. Ina jin dariyar ce ta fi yi masa ciwo, ba fitilar da ya fasa ba. Alhaji bai taɓa ba kowa sitiyarin motar nan ba sai ni, to ina Nata'ala zai san halinta?

Wata takwas kuwa, zoben giya ta biyu ne ya cinye, babu shi a Kano, sai da na sa aka nemo a Damagaram. Tamfol, sabon fenti ne bai gama bushewa ba. Ɗan Abuja ya zo saye ne, karo na biyu na ce masa in ya sake dawowa zan sakar masa iskar taya.

Ni ba ni da littafin, amma na san masu ƙera mota ba sa ba da lambar kaya sai sun faɗi daga wace mota ta fara aiki. Ki ɗaga banet, akwai ɗan faranti da lambar motar a jiki. Ki kwafa ki je ki duba da idonki. Kuma don girman Allah kada kowa ya taɓa giyabos ɗin nan, samun irinsa yanzu sai an sha wuya.

Na Nata'ala bai ba ni mamaki ba, tun yana yaro haka yake. Tambayoyinki uku ne suka zauna mini a ƙirji.

Wassalam.
Sajo.

Mainika,
Laraba, 17 ga Yuli

Yaya Uwaliya,

Salamu alaikum, ya gida ya yara. Tunda kin daina ɗaukar wayata sai na rubuto kamar mutanen da.

Na karanta hoton takardar tsohon da kika turo. Yaya, ke ba ki ga abin ya yi santsi da yawa ba? Kowace tambaya da amsarta a shirye. Damagaram! Wa zai je Damagaram ya bincika? Ya san ba wanda zai je, shi ya sa ya zaɓe ta. Kuma mutum ya zo daga Abuja har sau biyu, a ce korarsa aka yi a zuwan farko? Wanda aka kora ba ya komowa.

Ni da idona na ga littafin. Shafi guda ne, hoton giyabos ɗin 404 ɓaro-ɓaro, lamba a gefe, kuma ba ita ce a motar Baba ba. Wannan C3 da yake faɗa, ni ban taɓa jinsa ba a duk shekarun da na yi a tasha. Ku dai kuna ganin furfura sai ku sakankance.

Na ma kashe maganar. Na kira Ja'afaru mai gareji a nan bakin titi, mun samo BA7 daga wata matacciyar akori-kura, lambarsa daidai da ta littafi. Mun sauke tarkacen da tsohon ya ɗaura, na ba 'yan gwangwan don kada in riƙa ganinsa raina yana ɓaci. Sabon bai zauna sosai ba tukuna, sandar giya ba ta kamawa, amma Ja'afaru ya ce in aka ɗan yanka aka yi walda zai hau.

Zancen in je in ba shi haƙuri kuwa, ki bar shi. Shi ya kamata ya zo.

Ki gaida maigidan.
Nata'ala.

Gwarzo,
Juma'a, 19 ga Yuli

Nata'ala,

Salamu alaikum. Ban da dogon gaisuwa yau. Kafin ka gama karanta wannan ka aika a ce wa Ja'afaru ya ajiye abin waldarsa.

Ranar da na zo Mainika kana gona, na sa aka ɗaga mini banet na kwafi lambar farantin. Jiya na shiga Kano wurin mai littafin naka, na tafi da ƙawata Malama Badi'a da ke koyar da Faransanci, don da harshen aka rubuta shi. Na ga shafin, na ga hoton, na ga lambar. Na kuma ga ɗan tauraro a gefen lambar, da wani siririn rubutu a gindin shafi wanda daga kai har mai shagon ba wanda ya kula. Badi'a ta karanta. Cewa aka yi wannan lamba tana aiki ne daga mota mai lamba kaza zuwa sama. Na ajiye lambar motar Baba kusa da ita. Tamu ta gaza nesa ba kusa ba.

Mai shagon ya yi tsuru-tsuru, ya ce shi tunda ya gaji shagon ba a taɓa tambayarsa na kafin nan ba. Ya koma baya shafi huɗu. Ga C3 nan zaune, ga lambar da ka ɗauka a hoto, harafi bai kuskure ba.

Giyabos ɗin da aka haifi motar da shi ka ba 'yan gwangwan, Nata'ala. Shekara kusan sittin yana jikinta, ba wanda ya raba su sai kai.

Ban wanke kaina ba, ni ma na zauna na jera wa dattijo tambayoyi kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa. Kunya ta hana ni cin abinci tun jiya. Ka faɗa mini su wane ne 'yan gwangwan ɗin da inda suke kai kaya. Kuma Juma'a mai zuwa ka je Masanawa, ka tsaya daidai inda ka tsaya, ka janye maganarka da irin muryar da ka faɗe ta.

Yayarka, Uwaliya.

Gwarzo,
Lahadi, 28 ga Yuli

Zuwa ga Baba Sajo.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa cikin ladabi, ina gaida Inna Yelwa. Allah ya ƙara girma da lafiya.

Baba, gaskiyarka ce daga farko har ƙarshe. Na duba littafin kamar yadda ka ce, ga kwafin shafukan biyu na haɗo maka. Na yi kuskure, na zarge ka a raina kafin in tambaye ka, ka yafe mini don Allah.

Ba zan ɓoye maka ba, Nata'ala bai zo ranar Juma'a ba. Ya ce tafiya ta kama shi, kuma wai abin rashin fahimta ne kawai. Saboda haka jiya ni da maigidana muka je wurin dagaci da takardun, na yi bayani gaban mutanen da ke zaure. Ya yi alkawarin za a sanar a masallaci. Na tsaya a bakin lungunku har maigidan ya gaji da jira, na kasa shigowa.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Gargaɗinka bai riski Nata'ala da amfani ba, ya sauke giyabos ɗin ya ba 'yan gwangwan. An ce sun kai wa masu ƙera tukwanen alminiyam a Kabo. Na aika, ba a ba ni amsa mai daɗi ba. Motar tana Mainika, cikinta a buɗe. In ka yarda, zan sa a dawo maka da ita, ba mu da wani sai kai.

Ina jiran amsarka da zulumi.
'Yarka, Uwaliya.

Masanawa,
Asabar, 3 ga Agusta

'Yata Uwaliya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Yelwa tana amsawa.

An sanar jiya. Rabin sahu sun riga sun fita neman takalmansu, amma an sanar. Na yafe miki, har shi ma na yafe masa. Motar kuwa kada a kawo, na rufe garejin. Mutumin da sai an karanto littafin Faransawa kafin a yarda da shi a garinsu, ya kamata ya koma gona.

Na je Kabo da kaina. Na makara da kwana biyu. Maƙerin ya ce a narkon ranar Laraba aka zuba giyabos ɗin, tukwane tara suka fito, na karɓo ɗaya. Ita ce Zayyad zai miƙa miki tare da wannan takarda. Ki wanke ta sosai kafin ki ɗora.

Wassalam.
Sajo.