Danjar da Ka Sa Aka Tuge

Zuwa ga ƙanena Wilfrido,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sa kana lafiya, kai da matarka Yurani da yara, ya kuma tsare ku a can Madrid. Mu nan Barranquilla da sauƙi, ƙafar Mama ce dai har yanzu sai a hankali.

Bayan haka, ina taya ka murna, burinka ya cika. Ranar Litinin ma'aikata suka tuge danjar mararrabarmu, suka kafa wani jan allo mai cewa a tsaya. Hermelinda ta kwamitin unguwa ta nuna mini takardar koken da ya sa aka tuge ta, bakinta har kunne, ta ce ai har ƙanena na Turai ya aiko da sa hannunsa, wai hon ɗin motocin da ke jiran danja na hana 'yan hayar gidansa na nan unguwa barcin rana. Na gani da idona. Ni na koya maka riƙe alƙalami, ba zan kasa gane rubutunka ba.

Shekara goma sha tara ina sayar da ɗanyen mangwaro da gishiri da lemun tsami a gindin danjar nan. Da ja ta kama in bi motoci shida, in miƙa, in koma gefe kafin kore. Yanzu fa? Direba ya ɗan taɓa birki, ya leƙa dama da hagu, ya wuce, ko gilashi ba ya saukewa. Jiya wani mai tasi, tsohon abokin cinikina, ya ɗaga murya yana dariya wai in jefo masa ta taga in na iya. Mangwaron kwana uku ya nuna a kwando, wa zai ci nunanne da gishiri? Ka sani sarai maganin Mama daga kwandon nan yake fitowa, haka ma takalman da ka sa ka je makaranta. Ashe kai inuwar giginya ne, na nesa ka sha. Ina jin haushinka ƙwarai, Wilfrido, ko waya ɗaya ba ka yi ka tambaye ni ba.

Mama na gaishe ka. Ba ta san da hannunka a ciki ba, ni kuma ba zan faɗa mata ba. Ka gaida Yurani da Kawu Aristides, ka shafa mini kan ɗanka Dairo. Na ji za ka zo Kirsimeti. In ka iso ƙofar gidana, ka yi yadda direbobi ke yi mini yanzu: ka rage gudu, ka duba dama da hagu, ka wuce.

Yayarka,
Eudocia