Zuwa ga Goggo Asta, Wadda Ba Ta Gudu Ba

Bangalo, Indiya
12 ga Yuli, 2019

Goggo Asta,

Ina gaishe ki da girmamawa. Yaya Bappa Zubair da ciwon ƙafarsa? Yaya damina a Limawa? Ni lafiya lau, karatu yana tafiya, sai dai abincin nan bai karɓe ni ba, na ɗan rame. Kada ki gaya wa Mama.

Jiya Mama ta samu ƙarfin magana a waya bayan an sallame ta daga asibiti. Ta ce ranar da amai da gudawa ya kama ta, kowa a gidan hayarmu ya kulle ɗakinsa. Masu keke ma, da sun ji sunan ciwon sai su ƙara wuta. Ke kuwa kika shigo da ruwan gishiri da sukari, ana ta jan zanenki, kika ce, "Shekara ashirin muna cin tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti tare, yau zan tsaya a bakin ƙofa?" Kika ɗaura leda a hannu, kika wanke ta, kika goya ta har bakin titi.

Goggo, ni ke karatun jinya, amma na tambayi kaina ko zan iya shiga ɗakin nan. Har yanzu ban amsa ba.

Don Allah ki riƙa tafasa ruwan sha. Na ji matan layi sun daina sayen ƙosanki saboda tsoro. Za su dawo. In na zo a Disamba, ni zan fara miƙa kwano.

Allah ya saka miki, ya bar mana ke.

'Yarki,
Jemimah